Yadda Na Je Faransa Koya wa Famfo Haƙuri

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. In na zauna a fadarmu ta bakin tashar Gazawa, kafin a sauke shayi na farko wani zai ce, "Lawali, wai da gaske ne can ƙasar sai a yi sati ba a ga rana ba?" Wani kuma ya miƙo mini hannu in duba masa ƙurji, tunda ya ji ana ce mini dokta. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki guntunsa ya tafi ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi daga farko har ƙarshe, mai son ji ya ji.

Doktan da na yi ba na allura ba ne. Na fizik ne da aikin makamashi, kuma irin wanda ake yi ƙafa ɗaya a jami'a, ƙafa ɗaya a masana'anta. Kamfani ne ke ɗaukar nauyinka, ya ɗora maka matsalar da ta hana shi barci, jami'a kuma ta sa ido ta tabbatar abin da ka gano ilimi ne, ba tallar kaya ba.

Lokacin ina koyar da fizik a lise, wato makarantar sakandare, a Maradi, kuma shekarun farin nan ne na biyu, wanda ya zo bayan mutane sun fara mantawa da na farko. Wani abokin aikina ya gayyace ni suna a ƙauyensu, cikin ƙasar Gidan Rumji. A bakin rijiyar garin na ga farantan hasken rana a jere, sabbi fil, ga tanki a bushe, ga mata a gefe suna jan wasaki da hannu. Na tambaya, suka ce ai famfon ya yi abin mamaki a kwanakin farko, sannan ya fara amai da laka, ranar nan kuma aka ji ƙauri, shi ke nan. Na leƙa rijiyar na gane abin da ya faru. Famfon yana zuƙa fiye da yadda rijiyar ke tsatsowa. In ya ƙarar da ruwan sai ya ci gaba da juyawa a bushe har injin ya ƙone. Na rubuta abin da na gani da abin da nake zato, na kai wa tsohon malamina a Yamai, shi kuma ya aika wa kamfanin da ya ƙera famfon. Ban sa rai da komai ba. Bayan wasu watanni sai ga amsa: in na iya gyara abin da na kushe, in zo.

Na tafi garinmu Gangara neman izinin Baba. Kakanninmu makiyaya ne daga arewa, noma ya zaunar da mu, amma har gobe Baba ya fi sanin halin saniya da na gero. Na iske shi zaune kusa da turke yana kallon sauran shanunsa, haƙarƙarinsu duk a waje. Na yi masa bayani, ya saurara bai katse ni ba.

"Wannan karatun," in ji shi, "ruwa za shi kawo ko takarda?"

"Ruwa, Baba. Takardar ta biyo baya."

Ya dubi shanun, sannan ya ce, "To tahi. Zamanka nan ba shi sa hadari ya taso. Allah shi kai ka, shi maido ka."

Inna ta ɗaure mini guzuri: kuka, yaji, daddawa mai yawa, da kilishi. A shekarar nan nama ne kaɗai abin da ya yi araha, don kowa yanka dabbarsa yake kafin ta faɗi da kanta.

Daga Gazawa na shiga motar 'yan kasuwa, muka bi ta Agye zuwa Maradi, daga nan na kama babbar mota ta Yamai. Duk tsawon hanya mutanen arewa ne ke gangarowa, da jakuna da tabarmi da tukwane, ba garke a bayansu. Iyakar kudu kuma a rufe take, hatsi sai ta ɓarauniyar hanya. Cikin motar ba mai yawan magana.

A shingen Gidan Rumji aka sauke mu duka. Jandarman da ya karɓi takarduna ya juya su, ya dube ni, ya sake dubawa.

"Mi za ka koyowa can?"

"Aikin hasken rana, shef."

Ya ɗaga kai ya kalli sama, ya share gumi. "Tsaya in gane. Ga ta nan tana gasa mu tun safe, kai kuma ƙasar sanyi za ka ka koyo ta?"

"Ranar tamu ce, shef. Ƙarfen ne nasu."

Ya yi dariya har ya kira abokinsa ya maimaita masa. Ya miƙo mini takarduna ya ce in na samo yadda ake rage ta, in fara da shingensu.

Jirgin sama bai ba ni tsoro ba, na san lissafin abin da ke riƙe shi. Abin da ban yi lissafinsa ba shi ne karen duwan, wato 'yan kwastan, a filin jirgin Faransa. Yana zuwa kusa da jakata ya zauna ya ƙi tashi. Ma'aikacin ya buɗe, ya kwance ƙullin Inna, warin daddawa ya bugi fuskarsa, ya ja da baya. Ya kira wani, shi ma ya zo ya ja da baya. Na yi ta bayani cewa 'ya'yan itace ne ake dafawa a bari su yi kwanaki, don miya. A ƙarshe suka ƙwace kilishin, wanda shi ne mai daɗin, suka bar mini daddawar don ba wanda ya yarda ya sake taɓa ta.

Garin da na sauka yana gindin manyan duwatsu, kogi ya ratsa tsakiyarsa. Kamfanin ya samar mini ɗaki a gidan wata tsohuwa, Madam Polet, mijinta ya rasu, daga ita sai wani ɗan kare mai gashi kamar tunkiya. Da safiyar farko na gaishe ta yadda aka koya mini: kwananta, gajiyarta, sanyi, iyalinta na nesa, har karen na tambaya. Ta tsaya da kofi a hannu tana kallona, sannan ta ce, "Faɗa mini gaskiya, me ka fasa?" Ashe su kalma ɗaya ce gaisuwa, wanda ya wuce haka wata buƙata ce ke tafe da shi. Ban daina ba dai. Kafin in bar gidan, in na sauko ita ke fara cewa "Ina kwana," ta kuma amsa wa kanta da "Lahiya lau," don kada in ɓata mata lokaci.

Tana da ɗa a wani gari da bai kai nisan Gazawa da Maradi ba, amma sai ya buga waya ya nemi rana kafin ya zo ganin uwarsa. Na ba ta labarin gidanmu, inda mutum ba ya rasa mai shigowa ko yana so ko ba ya so. Ta ce ita da za ta haukace. Amma na lura ranar da na makara a masana'anta, sai in iske ta a bakin taga.

Makonnin farko burodi da ƙwai da sardin kawai nake ci, don duk naman da na gani sai in zarge shi da alade. Ranar nan ta kawo mini wani cuku mai kore-kore a ciki, ta ce shi ne alfaharin yankinsu. Da na shinshina shi sai na ji haushin mutanen filin jirgi sabo. Mutanen da ke cin wannan ba su da bakin yi wa daddawa gori. Ranar Lahadi na tuƙa tuwo da garin alkamarsu mai tsaki-tsaki, na kaɗa miyar kuka. Ta buɗe tagogin gidan duka, karen ya shige ƙarƙashin gado. Ta ɗanɗana da cokali don kunya, sannan ta miƙo faranti a ƙara mata.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwa. Ruwan da ake korawa a bayan gida ya fi wanda Inna ke sha tsabta. A tsakiyar gari akwai wani dutse da aka sassaƙa yana ta feshi sama dare da rana, ba mai sha, kallo kawai. In an yi ruwan sama kuma sai ka ji kowa yana tsaki, wai ranar ta ɓaci. Ruwan farko da ya same ni a hanya na rufe lema na yi tafiyata cikinsa har gida, ina ta hamdala. Na yi sati ina mura, Madam Polet tana ɗura mini ruwan zafi da zuma tana faɗa.

Mutum biyu ke riƙe da ni a aiki. A jami'a akwai Farfesa Odil, 'yar gajeruwar mace mai zuwa aiki a kan keke, wadda ba ta yarda da komai sai ta ga awo. Ta ce in riƙa kiranta da sunanta kai tsaye, bakina ya ƙi, na sa mata Malama, ta haƙura. A masana'anta kuma akwai Mushe Zerar, wato Malam Zerar a bakinsu, ƙaton injiniya mai taba a baki, kuma shi ne ya ƙera famfon da na kushe. Ranar da muka fara haɗuwa ko zama bai ce in yi ba.

"Famfona ba shi da laifi," ya ce. "Rijiyarku ce ba ta da ruwa."

"Gaskiya ne, Mushe. Amma rijiyar ba za ta taso ta zo nan ta koyi halin famfonka ba. Shi ne zai je wurinta."

Ya kai ni inda suke gwaji. Wani ƙaton kwatami ne cike fal, duk abin da famfo ya ja sai ya koma ciki. A irin wannan wuri kowane famfo gwani ne. Na nemi a ba ni ganga, da yashi, da tsakuwa, na haɗa rijiya irin tamu, wadda ruwa ke shigarta a hankali ta ƙasa. Ma'aikata suka riƙa zuwa kallo suna dariya. Na ƙona musu inji, na ƙona wani. Wata rana kuma tiyo ya kwance lokacin da muka tafi cin abinci, muka dawo muka iske ruwa da yashi har ƙarƙashin teburin Zerar. Ya ɗaga takalminsa ya nuna mini. Na ɗauki tsumma na goge, na koma kan gangata.

Na san abin da nake nema yana nan, kuma na same shi. Kafin famfo ya fara shaƙar iska, nauyin da ke kan injin yana raguwa, kuran ɗin, wato wutar lantarkin da yake ja, ya yi wata 'yar rawa da ido ba ya gani amma na'urar awo na gani. Ke nan ba sai an zura wani abu cikin rijiya ya lalace ba. Injin da kansa yana faɗin halin da ruwa ke ciki, mai saurare ne babu. Na haɗa ɗan akwati wanda in ya ji rawar nan sai ya rage wa famfo gudu, ya yi ta ragewa har ya daidaita da abin da rijiya ke bayarwa. Malama ta sa na maimaita gwajin har na fara mafarkinsa. Zerar kuma ya zo ya tsaya kan gangar ya daɗe yana kallo, ya kashe tabarsa, ya ce, "Gobe ka zo da wuri." Daga shi, wannan yabo ne.

A tsakiyar wannan sai ga kaset daga gida, wani ɗalibi ɗan Agye ya kawo mini. Yayata Hadiza ce ta yi magana. Bayan gaisuwa ta ce damina ta sake ƙi, shanun Baba saura waɗanda ba su kai yatsun hannu ba, rijiyar siminti ta unguwarmu kafin azahar laka take bayarwa, gidaje da yawa sun rufe ƙofa da ƙaya sun yi kudu. "Mu ma ana maganar tashi," in ji ta. "Baba ne ya ƙi." A kwanakin ne kuma talabijin ɗinsu ya cika da hotunan yunwar ƙasashenmu. In na shiga ɗakin cin abinci na masana'anta sai hira ta mutu, wasu su ture farantinsu gefe. Ban so tausayin nan ba. Gwaji nake so, a rijiyar gaske.

Aka kira taro a buro, wato ofishin daraktan kamfanin. Shi abu uku yake so: a yi gwajin a kudancin ƙasarsu inda ya fi sauƙi, a toshe akwatin da danƙo mai tauri yadda ba mai iya buɗewa ya kwaikwaya, kuma kada in rubuta sirrin a kundina. Malama ta ce binciken da ba a bari mutane su karanta ba, ita ba ta san sunansa ba. Suka fara ɗaga murya. Ni ne a tsakiya, albashina na hannun wannan, digirina na hannun waccan.

Na nemi izinin magana. Na ce, "Mushe darakta, na ga famfonku a mace a bakin rijiya, sunan kamfaninku a jikinsa, mata suna shanya wanki a kai. In kuka toshe akwatin nan, ranar da abu ɗaya ƙanƙane ya ƙone a ciki, haka za a sake yi. A kasuwar Maradi akwai masu gyaran rediyo da za su canza shi kafin shayi ya huce, in dai za su iya buɗewa. Kuma rijiyar da za ta gaya mana gaskiya ba ta nan ƙasar. Tana garinmu, tana kan ƙafewa yanzu haka."

Darakta ya juya ga Zerar, yana jiran ya rushe maganata. Zerar ya kalli tebur ya ce, "A sa kusoshi. Ni zan raka shi." Aka daidaita: akwati mai buɗuwa, babi ɗaya na kundina a ajiye shi na ɗan lokaci kafin a sake shi, gwaji kuma a Gangara.

Kayan suka bi jirgin ruwa zuwa Kotonu, muka tarye su can, jirgin ƙasa ya kai mu Faraku, daga nan muka hau kamiyo, babbar motar kaya. Da muka haye gadar kogi muka shigo Gaya na ji Hausa ta ko'ina, ƙirjina ya buɗe. Sai dai duwan suka tsare mu. Shugabansu ya rasa inda zai sa farantan: gilashi ne, batir ne, ko inji? Ya ce sai ya ji daga Yamai. Muka kwana a kan kamiyo, sauron bakin kogi ya mai da fuskar Zerar kamar an watsa masa barkono. Washegari ya shiga buro ya buga tebur yana maganar gaggawa, aka ce masa ya dawo jibi.

Na zaunar da shi gindin bishiya na sayo masa soyayyen kifi, na koma ni kaɗai. Na gaida shugaban yadda ya kamata, muka gano matarsa 'yar Agye ce, muka yi hirar fari. Na ga rediyo a kan teburinsa a kashe, ya ce batir ya ƙare. Na fita na ɗauko ƙaramin farantin da nake gwaji da shi, na jingina a taga, na haɗa waya. Rediyo ya kama magana. Ya sa hannu ya kare farantin, magana ta ɗauke. Ya janye, ta dawo. Ya yi haka ya fi a ƙirga, ya kira yaransa duka su gani. Sannan ya ɗauki hatimi ya ce, "Kayan rijiya ne. Ku tahi, mutane na jira."

Kafin Gidan Rumji taya ta fashe kusa da wani ƙauye. Muna zaune a inuwar kamiyo sai ga wani dattijo da ƙwaryar hura, tsararo ce, ruwa ya fi gero yawa, amma ita ce abin da ke gare su. Ya fara miƙa wa baƙo. Kafin in buɗe baki Zerar ya kafa kai ya shanye tas, ya yi godiya. Direba da yaran mota suka sunkuyar da kai. Na raɗa masa cewa ta mu duka ce, ana kurɓa ne a miƙa. Ban taɓa ganin mutum ya yi ja haka ba. Ya hau kamiyo ya kwaso duk gwangwanayen guzurinsa ya tara gaban dattijon. Dattijon ya ce mini, "Gaya mishi ba komi. Ƙishi ba shi da Bature."

Daga Gazawa kwalta ta ƙare mana, kamiyo ya kafe cikin rairayi. Shanun amalanke ba su da ƙarfin ja. Mazan Gangara ne suka fito suka ɗauki farantan a ka, ɗaya bayan ɗaya, har bakin rijiya. Na iske garin rabinsa shiru. Baba ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa, amma ya miƙe tsaye ya tarye ni, ya kuma sa aka shimfiɗa wa Zerar tabarma mafi kyau a zaure.

Da muka gama haɗawa, duk wanda ya rage a gari ya zo. Na kunna. Ruwa ya ɓarke da ƙarfi, mata suka rangaɗa guɗa. Can sai akwatin ya ji abin da aka koya masa ya ji, ya rage gudu, ya sake ragewa, har ruwan ya koma siriri kamar ɗan yatsa. Guɗa ta tsaya. Daga baya wani ya ce, "Hitsarin akuya ya hi wannan kauri." Aka yi dariya, irin ta mutanen da ransu ya ɓaci. Maigari ya matso kusa da ni.

"Malam Lawali, shi ke nan abin?"

"Shi ke nan, ranka ya daɗe. Kada a dubi bakin famfo. A dubi tanki da la'asar."

Amma da rana ta yi tsaka sai famfon ya ɗauke gaba ɗaya. Nan gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Na taɓa akwatin, ba ya taɓuwa don zafi. Muka kwance kusoshi muka buɗe, ni da Zerar, mutane sun yi mana zobe. Ba abin da ya ƙone, wani ɗan ƙarfe ne ya yi zafi fiye da kima ya kashe kansa. A masana'anta mun gwada ƙarancin ruwa, ba mu gwada ranar Gangara ba. Na ce a samo mini ƙarfe mara nauyi mai saurin shan zafi. Yaya Hadiza ta tafi gida ta dawo da murfin tukunyarta ta dalma, ta ce ai ba abin da ake dafawa a ciki yanzu. Na yanka shi na ɗaure a bayan ɗan ƙarfen, muka mai da akwatin ƙarƙashin inuwar farantan inda iska ke bi.

Washegari famfon ya tashi da hantsi, bai tsaya ba sai da rana ta yi ja. Siririn nan ne dai, amma bai yanke ba. Da la'asar maigari ya hau dutse ya leƙa tanki, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya fito da shi yana ɗiga. Ruwan kuma garau, don ba a tayar da lakar ƙasan rijiya ba. Ya juya ya ce a kira masu shirin tashi, yana da magana da su.

Ba zan ce famfo ya kashe yunwa ba. Hatsin taimako ne ya riƙe rayuka, shanun da suka mutu kuma ba su tashi ba. Amma mutum yana iya jiran hatsi in yana da ruwa. Gidajen da suka ɗaure kaya suka kwance, mata suka kewaye ɗan fili kusa da tanki suka shuka yakuwa da kabewa da ruwan da ke zuba. Zerar ya koma bayan ya koyi kurɓa ya miƙa. Ni na zauna ina awo safe da yamma duk tsawon bazara, rijiyar ba ta ƙafe ba ko rana ɗaya, har Allah ya kawo damina ta gaske.

Na koma Faransa na rubuta kundina. Ranar kare shi, manyan malamai suka jeru a gabana. Madam Polet ta zo da hular da take sawa ranar biki ta zauna a gaba, ba ta fahimci komai ba amma tana ta gyaɗa kai. Wani farfesa mai farin gemu ya nuna cewa a awona, tsohon famfon ya fi nawa ba da ruwa a awa guda nesa ba kusa ba. Na ce haka ne, a awar farko. Na roƙe shi ya duba shafi na gaba, inda na kwatanta su a ƙarshen bazara: nawa yana nan da siririnsa, wancan kuwa ana shanya wanki a kansa. Zerar ya yi wani tari a baya. Suka fita suka yi shawara, suka dawo suka kira ni dokta.

Darakta ya ce in zauna a masana'anta. Na ce zan yi musu aiki, amma daga Maradi, inda rijiyoyin suke da masu gyaran da zan koya wa buɗe akwatin. Ya yi jayayya kaɗan ya yarda. Malama ta raka ni tashar jirgin ƙasa tana tura kekenta, ta ce in aiko mata awo, ba gaisuwa ba.

Da na iso Gangara ban wuce gida kai tsaye ba, na ratse rijiya da jakata a kafaɗa. An kewaye farantan da shinge, ga layin tuluna, ga wasu bukkoki sabbi na mutanen arewa da suka zauna bayan tafiyata. Na ɗaga ƙyauren shingen na durƙusa in ji zafin akwatin. Sai na ji sanda ta bugi ƙasa kusa da ƙafata. Wata tsohuwa ce da ban taɓa gani ba, daga cikin baƙin nan, ashe ita aka ba tsaron wurin.

"Kai, bawan Allah! Hita daga nan. Ba a taɓa wannan."

"Dubawa kawai nake, Inna."

"Ba a dubawa. Na wani ɗan garin nan ne da ke ƙasar Turawa. In ya dawo ka roƙe shi ya gwada maka."

Matan da suka gane ni suka rufe baki da gyale suna ƙyalƙyala, na yi musu alama su yi shiru. Na fito na rufe shingen yadda na same shi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ga ƙurar hanya a ƙafafuna, sai fuskarta ta sassauta. Ta tara ƙwarya a bakin famfo, muka tsaya ni da ita muna jira ta cika.

"Ka yi haƙuri da shi," ta ce. "Ba shi da sauri, amma bai taɓa ba mu kunya ba."

Na karɓa da hannu biyu, na durƙusa na sha.